DOKAR HANA ZAMAN DADIRO DA HUKUNCIN AUREN TILAS

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa a kan ni'imominsa waɗanda ba su ƙidayuwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata doka ce da aka kafa a ƙasar Indunusiya, wadda ta fi kowace ƙasa a duniya yawan Musulmi. Ƙidayar da aka yi a can a 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 270, kuma wajen kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne, mafi yawansu mabiya mazhabar Imamu Shafi'i. Ran 6 ga watan Disamba 1922 ba a san da wannan magana ba, domin a lokacin Turawan Holan ke mulkin ƙasar, kuma littafin dokokin laifi da suka kafa tun 1918 shi aka ci gaba da aiki da shi har bayan samun mulkin kai. Sai ran 6 ga Disamba 2022 Majalisar Dokokin ƙasar ta zartar da sabon littafi nata na kanta, aka sa masa hannu a farkon Janairu 2023, aka ba da tazarar shekara uku, ya fara aiki ran 2 ga Janairu 2026.

Littafin babba ne, yana da sassa fiye da ɗari shida, amma biyu daga ciki su ne suka ta da ƙura har a ƙasashen waje. Sashe na 411 ya ce wanda ya sadu da wadda ba matarsa ba, ko wadda ta sadu da wanda ba mijinta ba, ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya ko a ci shi tara. Sashe na 412 kuwa ya ce namiji da mace da suka zauna gida ɗaya zaman miji da mata alhali ba aure a tsakaninsu, watau abin da mu muke kira zaman dadiro, ana iya ɗaure su har wata shida, ko a ci su tarar da ba ta wuce rufiya miliyan 10 ba, kuɗin ƙasar ke nan. Tsohuwar dokar Turawa ba ta ɗauki zina laifi ba sai idan da mai aure a ciki, hukuncinta kuma bai wuce wata tara ba. Saurayi da budurwa da suka kama ɗaki suka zauna, ba ruwan tsohuwar doka da su. Mutanen ƙasar dai ba su taɓa ganin abin da mutunci ba, domin sunan da suke kiransa da shi a harshensu ana fassara shi da taron ɓauna.

To, tambayar da ta kamata mai karatu ya yi ita ce: mene ne matsayin Shari'ar Musulunci game da irin wannan doka? Sa'an nan idan hukuma ta hana zaman dadiro, tana da ikon ta ce wa mutum biyu lalle sai sun yi aure? Waɗannan tambayoyi biyu ne dabam dabam, kuma rashin rarrabe su shi ke jefa iyaye da shugabanni cikin kuskure.

Ta farko ba ta da wuya. Ba a sami saɓani tsakanin malamai ba a kan cewa zaman dadiro haramun ne. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 32, Allah Maɗaukaki bai tsaya ga hana zina kawai ba, har kusantarta Ya hana, kuma babu kusanta da ta wuce mutum ya rufe ƙofa ɗaya da macen da ba ta halatta gare shi ba, dare da rana. Har ila yau Alƙur'ani ya ambaci wannan irin zama da kansa. Larabawan Jahiliyya suna ƙyamar macen da ta kafa tuta kowa na zuwa wurinta, amma ba su ganin laifin wadda ta riƙe farka ɗaya a ɓoye. Sai aya ta 25 a Suratun Nisa'i da aya ta 5 a Suratul Ma'ida suka haɗa su biyun cikin hani ɗaya, ta farko a kan mata, ta biyu a kan maza. Saboda haka hujjar da waɗansu ke kawowa yau, cewa ai mu biyu ne kaɗai, ba ma cin amanar juna, ba sabuwa ba ce, an riga an amsa ta tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Abin da ya raba aure da dadiro ba takarda ba ce, ba kuma shagalin biki ba. A mazhabarmu ta Imamu Malik aure yana tsayuwa ne da waliyyi, da sadaki, da sigar nema da bayarwa, da ango da amarya waɗanda babu wani hani a tsakaninsu, sa'an nan da shaidu biyu adilai kafin tarewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an sa shi ne domin tsare wani hakki. Waliyyi yana nan domin mace ta sami mai tsaya mata. Shaidu suna nan domin kada gobe namiji ya yi musu. Idan an ɗaura, ci da sha da tufa da muhalli sun hau kansa, ɗan da aka haifa nasa ne, in ya mutu ta gaje shi, in ya sake ta akwai idda. Matar da ke zaman dadiro ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tana iya yin shekara goma tana dafa wa mutum tuwo, ranar da ya gaji ya fitar mata da kwallayenta waje, kuma babu alƙalin da zai ce ta bi shi bashin kome. Mai cewa hana wannan zama takura wa mata ne, to, ya dubi wanda ke fita da hasara idan zaman ya watse.

Shugaba kuwa yana da ikon ya sa horo a kan saɓon da Shari'a ba ta yanke masa haddi ba, shi ne abin da malamai ke kira ta'aziri. Ɗaurin wata shida na Indunusiya ba haddin zina ba ne, kuma waɗanda suka rubuta shi ba su ce daga littattafan fiƙihu suka ɗauko shi ba, domin ƙasar ba da Shari'a ake mulkinta ba, dokar kuma ta hau kan Musulmi da Kirista da mai bin addinin Hindu baki ɗaya. Amma asalin cewa hukuma ta hana abin, babu abin da ya saɓa wa Musulunci a cikinsa.

Inda ya fi dacewa mu tsaya mu yi nazari shi ne wani sharaɗi da aka liƙa wa sassan nan biyu. Ɗan sanda ba shi da ikon kama kowa a kan wannan laifi sai an kawo ƙara, kuma ba kowa ke da ikon kawo ƙarar ba. Idan wanda ake tuhuma mai aure ne, sai mijinta ko matarsa. Idan ba mai aure ba ne, sai iyayensa ko 'ya'yansa. Maƙwabci ba shi da baki, mai gidan haya ba shi da baki, limamin unguwa ma haka. A daftarin da aka so a zartar a 2019 an sa dagacin ƙauye cikin masu ikon kai ƙara, amma ɗalibai suka cika titunan Jakarta da sauran birane a watan Satumba na shekarar, suna ƙin wannan daftari da waɗansu dokoki, har Shugaba Joko Widodo ya nemi a jinkirta. Da aka dawo da shi a 2022 an cire dagaci. Shi ya sa lokacin da masu masaukin baƙi a tsibirin Bali suka tsorata kada 'yan yawon buɗe ido su ƙaurace, gwamnan tsibirin ya fito ya ce ba wanda za a tambaya takardar aure a bakin ƙofar masauki.

Waɗansu masu kishin addini suna ganin wannan sharaɗi ya cire wa dokar haƙora. Ni kuwa a ganina nan ne ta fi kusa da ruhin Shari'a, ko da masu rubuta ta ba su nufi haka ba. Wanda ya karanta Suratun Nur zai ga cewa surar da ta zo da bulala ɗari ga mazinaci a aya ta 2, ita ce a aya ta 4 ta zo da bulala tamanin ga wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu huɗu ba, ita ce kuma a aya ta 27 da ta 28 ta hana shiga gidan wani ba da izni ba, har ta ce in an ce a koma a koma. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane. Shaidu huɗun nan ba shaidar ganin shiga da fita ake nema gare su ba, sai sun ga aikin kansa ƙuru-ƙuru. A zamanin Sayyidina Umar mutum uku suka ba da shaida a kan wani gwamnan Basra, na huɗu ya kasa tabbatar da abin da suka tabbatar, sai aka yi wa ukun bulala, wanda ake tuhuma ya tafi abinsa.

Haka kuma lokacin da Ma'izu ya zo da ƙafarsa ya yi iƙirari a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai da Annabi ya kau da kai daga gare shi sau da yawa, yana ba shi hanyar janyewa. Bayan an gama, ya gaya wa Hazzalu, wanda ya ba Ma'izu shawarar zuwa, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Imamu Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa an kawo wa Abdullahi ɗan Mas'udu labarin wani da ake zargi da shan giya, ya amsa da cewa an hana su bincike, amma abin da ya fito fili za su hukunta shi. Iyakar hukuma ke nan. Abin da aka bayyana, aka yi alfahari da shi, aka ɓata tarbiyyar unguwa da shi, hakkinta ne ta tsawata. Abin da ke bayan ƙofa, ba a ba ta izinin haura katanga ta gani ba. Taron samari da ke fasa ɗakin mutane da tsakar dare da sunan hana ɓarna, su ja mace waje su ɗauki hotonta su watsa, sun tara laifi uku ko huɗu domin su hana ɗaya.

A cikin Indunusiya ɗin akwai lardin Aceh, a ƙarshen tsibirin Sumatra, wanda aka ba shi ikon kansa a kan al'amuran Shari'a. Can sun kafa dokarsu ta laifuffuka a 2014, ta fara aiki a 2015, kuma keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba kaɗai tana iya jawo bulala har goma. A ƙauyukan wannan lardi da waɗansu sassan ƙasar an san wata al'ada, idan aka kama saurayi da budurwa a keɓe sai dattawan gari su ce a wanke kunya, a ɗaura musu aure nan take. Wannan ita ta kawo mu ga tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi.

Sabuwar dokar ba ta ce a aurar da kowa ba. Amma ta ce mai ƙara yana iya janye ƙararsa muddin ba a fara sauraron shari'a ba. Ku duba abin da wannan ya sa a hannun uba. Yana iya kai 'yarsa da saurayinta ƙara, sa'an nan ya ce musu zaɓi biyu ne, ko ɗaurin aure ko ɗaurin kurkuku. Yana ma iya cewa ba wannan saurayin ba, ga wanda ni na zaɓa, in kin ƙi ƙara tana nan. Uban da ya yi haka zai ga kamar addini yake taimako. Majalisar ƙasar ta hango irin wannan, domin a watan Afrilu 2022 ta riga ta zartar da wata doka dabam wadda ta sa tilasta aure ya zama laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara tara, kuma ta ambaci aurar da mace ga wanda ya yi mata fyaɗe, da tilastawa da sunan al'ada. Sai dai yarinyar da ake yi wa barazana da kurkuku, da wuya ta sami ƙarfin halin kai mahaifinta ƙara.

Me Shari'a ta ce? Buhari ya ruwaito labarin Hansa'u 'yar Hizamu, mutuniyar Madina, bazawara, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba. Ta kai kuka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Ya kuma ruwaito labarin Barira, baiwar da Nana A'isha ta 'yanta, wadda ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu bayan ta sami 'yanci. Mugisu ya riƙa binta a titunan Madina yana kuka har gemunsa ya jiƙe. Annabi ya ji tausayinsa, ya nemi ta koma masa. Ta tambaya ko umurni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi, ta ce to ba ta da bukatarsa, aka kuwa ƙyale ta. Wanda ya fi kowa iko a bayan ƙasa bai mai da roƙonsa umurni a kan 'yantacciyar baiwa ba. Ina ga Gwamna, ina ga alƙali, ina ga mai unguwa?

Na san mai karatu zai ce ai a mazhabarmu uba yana da ikon tilasta wa 'yarsa budurwa. Gaskiya ne, malamanmu sun ba uba wannan iko, da wasiyyin da uba ya ɗora a kan haka, amma ba su ba wa ko kawu ko baffa ba, balle hukuma. Sarki ko alƙali waliyyi ne ga wadda ba ta da waliyyi, amma ba ya aurar da ita sai ta balaga kuma ta yarda. Ko uban ma an gindaya masa sharaɗin kada ya cutar da ita, kuma an so ya nemi shawararta, domin an ba shi ikon ne a bisa zaton ya fi kowa tausayinta, ba domin ya huce haushinsa ko ya wanke sunansa a majalisa ba. Imamu Abu Hanifa kuwa bai yarda a tilasta wa baligar mace ba ko da budurwa ce. Namiji baligi mai hankali, shi babu wanda ya ce ana aurar da shi dole.

Akwai kuma babin mukrahi, watau wanda aka tilasta da tsoron duka ko ɗauri ko kisa. A wurin Malikawa sakinsa ba ya aukuwa, aurensa ma ba ya tabbata. Wannan ba ƙaramar mas'ala ba ce a tarihin mazhabar. A zamanin Halifa Mansur, gwamnan Madina Ja'afaru ɗan Sulaimanu ya sa aka yi wa Imamu Malik bulala har kafaɗarsa ta goce, saboda ya ƙi daina karantar da cewa sakin wanda aka tilasta ba saki ba ne, su kuwa masu mulki suna tsoron mutane su auna mubaya'ar dole da wannan ma'auni. Abin kunya ne a ce mabiyan malamin da ya sha bulala a kan wannan magana su ne za su tsai da yaro tsakanin ɗan sanda da liman su ce ya karɓi aure.

Sa'an nan a dubi abin da ake nema da aure. Suratur Rum, aya ta 21, ta ambaci natsuwa da ƙauna da jin ƙai. Suratun Nisa'i, aya ta 21, ta kira shi alkawari mai kauri. Mutumin da ya karɓi mace domin ya kuɓuta daga wata shida a kurkuku, saki yana hannunsa, kuma babu dokar da za ta hana shi furta shi bayan an janye ƙara. Sai a wayi gari yarinyar da ake son a rufa wa asiri ta zama bazawara da goyo tana 'yar shekara goma sha tara. In bai sake ta ba, ya riƙe ta yana ganin ita ce sarƙar da aka ɗaura masa, abin da ke biyo baya kuwa alƙalanmu sun fi kowa saninsa. Masu cewa gara auren dole da zaman haram sun manta akwai hanya ta uku, ita ce a raba su, kowa ya koma gidansu ya tuba. Shari'a ta wajabta barin saɓo. Ba ta wajabta wa mazinaci ya auri wadda ya yi zina da ita ba.

Ba ƙasashen Musulmi kaɗai ke faɗa wa wannan rami ba. A Burundi, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, Shugaba Pierre Nkurunziza ya ba da umurni a watan Mayu 2017 cewa duk masu zama tare ba tare da aure a gaban hukuma ba su ɗaura kafin ƙarshen shekarar, aka riƙa tara mutane ana ɗaura musu a jimlace. Da yawa daga cikinsu talakawa ne waɗanda abin da ya hana su tun farko shi ne kuɗin aure, kuma umurnin bai sa musu ko anini a aljihu ba. A ɗaya gefen kuma akwai masu kwance irin wannan doka. Jihar Florida ta Amurka ta soke tata a 2016 bayan ta yi shekara 148 a rubuce, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ita ma ta cire hukuncin zaman tare a ƙarshen 2020.

Mu ma nan ƙasar Hausa ba baƙin abin ba ne. Dattawa suna tune da shekarun farin 1970 da 'yan kai, lokacin da in ruwa ya ɗauke sai a yi shela a gari cewa matan da ke zaman kansu su yi aure cikin 'yan kwanaki ko su bar gari. Waɗansu su yi auren ganin ido da wani ɗan kamasho, waɗansu su hau mota zuwa gari na gaba, in damina ta sauka kowa ta dawo ɗakinta. Mazan da ke zuwa wurinsu kuwa ba a taɓa yi musu shela ba. A watan Oktoba 2025 ma wata kotun majistare a Kano ta umurci Hukumar Hisba ta ɗaura wa wani saurayi da wata yarinya aure cikin kwana 60, bayan an gurfanar da su a kan hotunan rashin kunya da suka sa a TikTok. Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya ta ce babu kotun da ke da wannan iko. Daga baya Hisba ta fasa, da saurayin ya bayyana cewa ba soyayya ba ce tsakaninsu, kuma fasawar ita ce daidai da abin da ke cikin littattafanmu.

To, in hukuma ba ta tilasta ba, me ya rage mata? Abin da ya rage shi ne mafi wuya, shi ya sa ake gudunsa. Aya ta 32 a Suratun Nur umurni ce ga jama'a su aurar da marasa aure daga cikinsu, tare da alkawarin cewa talauci ba hujjar hanawa ba ne, aya ta 33 kuma ta umurci wanda bai sami hali ba ya kame kansa har Allah Ya buɗa masa. Abu Ubaidu ya kawo a littafinsa na dukiyoyin baitulmali cewa Halifa Umar ɗan Abdul'azizu ya rubuta wa gwamnansa na Iraƙi ya nemi duk saurayin da ba shi da dukiya, in yana son aure a aurar da shi a biya masa sadaki daga baitulmali. A lura da sharaɗin, in yana so. Irin wannan ne Gwamnatin Kano ta ɗauko tun 2012 da auren zawarawa, har a watan Oktoba 2023 ta aurar da mata 1,800 a lokaci ɗaya, ta biya sadaki ta yi kayan ɗaki, bayan kowa ya kawo wanda yake so an kuma gwada lafiyarsu. Ana iya samun abin gyara a cikin shirin, amma tsakaninsa da shelar a yi aure ko a bar gari akwai nisa.

Mafi ƙarancin sadaki a wurin Malikawa rubu'in dinari ne, watau abin da ya ɗan ɗara giram ɗaya na zinariya, ko dirhami uku na azurfa. Annabi ya ce wa wani sahabi matalauci ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Mu kuwa mun jera kuɗin gaisuwa, da na sa rana, da akwatunan lefe, da gara, da kwana uku ana kiɗa a zauren haya, sa'an nan mu yi mamakin ganin tuzurai sun cika gari. Uban da ya kori masu neman 'yarsa uku saboda ba su da mota, ba shi ya fi cancanta ya riga kowa zuwa ofishin 'yan sanda ba.

Akwai wani rukuni kuma da ya kamata a yi hattara da su, su ne masu aure na gaskiya amma ba su da takarda. Dokar aure ta Indunusiya ta 1974 ta ce aure yana inganta idan an ɗaura shi bisa addinin ma'auratan, ta kuma ce a rubuta shi wurin hukuma. Mutane da yawa a karkara sun yi na farko ba su yi na biyu ba, kuma an yi ta nuna tsoron kada wani ɗan uwa mai jin haushi ya yi amfani da sashe na 412 a kansu. A Shari'a auren da ya cika rukunansa aure ne ko ba a rubuta ba. Amma rubutawar maslaha ce babba, kuma shugaba yana da ikon ya wajabta ta, domin shaidu suna mutuwa, suna ƙaura, suna mantuwa. Auren ɓoye kuwa, wanda ake roƙon shaidu su yi shiru, Malikawa sun ce a raba shi, kuma a Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar ya ƙi amincewa da wani aure da namiji ɗaya da mace ɗaya kaɗai suka shaida.

Saura hukuncin waɗanda suka yi zaman dadiro, suka tuba, kuma su da kansu suke son su yi aure. Ƙofa a buɗe take, amma ba a shigarta da gaggawa. A mazhabar Malik wajibi ne su rabu tukuna, matar ta yi istibra'i da jini uku, in kuwa tana da ciki sai ta haihu, ko da wanda zai aure ta shi ne mai cikin. Auren da aka ɗaura a cikin istibra'i ɓatacce ne, ana raba shi. Hambalawa sun ƙara da sharaɗin tuba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa auren da ake ɗaurawa da asuba ga waɗanda aka kama da dare, a mazhabarmu, bai wanke kome ba, ya dai mai da haramun ɗin da kowa ya sani ya koma haramun mai sunan aure. Shafi'awa sun saɓa mana a nan, ba su ganin idda a kan zina, shi ya sa tarin hukunce-hukuncen Musulunci da kotunan addini na Indunusiya ke aiki da shi tun 1991 ya yarda, a sashe na 53, mai ciki ta auri wanda ya yi mata cikin ba sai ta haihu ba. Kowace ƙasa da mazhabarta, kuma bai kamata mutuminmu ya ɗauko fatawar can ya kawo nan ba tare da ya tambayi malamansa ba.

Ɗan da aka samu gaba da Fatiha kuwa, jamhurun malamai sun ce ana danganta shi ga uwarsa, ba ya gadon wanda ya yi cikin, kuma ɗaurin aure daga baya ba ya canza wannan. Shi dai yaron ba shi da laifin kome, Musulmi ne cikakke, kuma gorin da ake yi masa zalunci ne. A 2012 Kotun Tsarin Mulki ta Indunusiya ta yanke cewa irin wannan yaro yana da hakki a kan mutumin da aka tabbatar shi ne ya haife shi. Majalisar Malaman ƙasar ta fitar da fatawa a shekarar, ta ce nasaba da gado ba su tabbata, amma hukuma tana da ikon ta tilasta wa mutumin, a matsayin ta'aziri, ya ɗauki nauyin ci da sha da sauran bukatun yaron, a kuma fitar masa da wani rabo daga dukiyarsa bayan ya mutu ta hanyar wasiyya. Wannan irin tilas kam Shari'a ba ta hana shi ba, domin a kan dukiyar mai laifi ya faɗa. Bayanin wasiyya da iyakarta ta sulusi, shi za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Shi ne Mafi sani.